Zancen Cikin Gida: Bargo Ko Buhun Barci?

Ran Asabar da ta wuce, da la'asar, wata maƙwabciyarmu a nan Samaru ta yi sallama ta shigo da 'yar takarda a hannu. Takardar zangon yara ce, irin wadda shugabannin Boys' Brigade sukan ba kowane yaro ya kai gida idan hutun Disamba ya ƙarato. An jera abubuwan da za a zo da su: kwano da cokali, bokiti, tocila, tabarma, da abin rufa mai kauri. Ɗanta yana da shekara 11, wannan kuwa shi ne zangonsa na fari. Tun ranar da ya kawo takardar bai bar ta ta sha ruwa ba, wai shi ba zai tafi da bargon gida ba, buhun barci yake so, irin mai zif ɗin nan da mutum yake shiga ciki ya ja ya rufe har wuya. Wani abokinsa yana da shi.

Ta ce, "Malam, na shiga mota har Sabon Gari, na zaga wurin 'yan gwanjo, na gani da idona. Kuɗin da suka faɗa mini ya kusa kuɗin takalman Kirsimeti na ƙannensa biyu. Ku da kuka sha kwana da yara a zango, ku gaya mini gaskiya. In na bar shi ya tafi da bargo, sanyi zai yi masa lahani?"

Mun ba ta amsa iyakar saninmu. Da ta tafi sai muka ga ya kamata mu kawo maganar a wannan shafi, gama ba ita kaɗai ke da wannan damuwa ba. Daga yanzu har tsakiyar Janairu, samari da 'yan mata, har da iyaye mata masu zuwa taron zumunta, za su yi kwana uku ko huɗu a wuraren da ba gidajensu ba, a lokacin da ya fi kowane lokaci sanyi a shekara.

Bari mu fara da sanyin kansa. Zariya tana bisa tudu, fiye da mita 600 daga bakin teku. A watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 13 ko 14 da asuba, wani dare ma ya gangara kusa da 10. Bature zai yi dariya ya ce wannan ai ba sanyi ba ne. To, bari ya yi dariyarsa. Shi yana kwana a ɗaki mai tagar gilashi da abin ɗumama ɗaki, yaronmu kuwa zai kwana a ajin makaranta wanda rabin tagoginsa sun ɓalle, iska tana shigowa ta nan tana fita ta can. Da hunturu babu girgije a sama, iska kuma a bushe take, saboda haka zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tashi ya tsere da zarar rana ta faɗi, babu abin da zai tare shi. Shi ya sa yaro yakan kwanta da ƙarfe 9 yana cewa ai ba sanyi, ya ture bargo gefe, ƙarfe 4 na asuba kuwa ka same shi a dunƙule yana karkarwa. Wurin da yake kwari, kamar gefen Kubanni, ya fi tudu sanyi, domin iska mai sanyi tana da nauyi, gangarawa take yi ta taru a ƙasa.

Akwai abin da muka koya a zango wanda ba mu koya a littafi ba, kuma da kunya muka koye shi. Shekarun baya mun kai yara wata makarantar firamare a bayan gari. Mu shugabanni muka duba kayan kowane yaro, muka tabbata kowa yana da abin rufa, muka yaba wa kanmu. Aka shimfiɗa tabarmi bisa daɓen siminti, aka kwanta. A cikinsu akwai yaro ɗaya mai buhun barci sabo fil, wanda kawunsa ya kawo masa daga waje. Sauran yara sun yini suna shafa shi. Wajen asuba muka fito zagaye da fitila, sai ga wannan yaro a zaune cikin buhunsa, ya rungume gwiwoyi, haƙoransa suna haɗuwa. Ya ce bayansa da kwankwasonsa ne kamar an ɗora masa ƙanƙara. Muka leƙa baranda, ga tsohon mai gadin makarantar yana sharar barci a fili, ba ko ƙyaure, da wani tsohon gwado da ya sha jiki. Da gari ya waye muka tambaye shi sirrinsa. Ya ɗaga shimfiɗarsa ya nuna mana: kwali uku a buɗe, an jera su bisa juna, da buhunan masara biyu, kāna tabarma a kai. Ya ce, "Malam, ku kuna tsaron sama, ɓarawon kuwa ta ƙasa yake shigowa."

Gaskiyarsa. Bargo ba ya yin zafi, buhun barci ma ba ya yi. Jikin mutum ne murhu. Aikin abin rufa shi ne ya riƙe iska a tsakanin zarensa ko cikonsa, iskar ta tsaya cik, jiki ya ɗumama ta, ita kuma ta hana zafi fita. Gwargwadon kumburin abin rufa, gwargwadon iskar da yake riƙewa. Amma sashen da mutum ya kwanta a kansa yakan danne ya zama kamar takarda, iskar da ke ciki ta fice, ba sauran amfani. Watau rabin buhun barci, wanda yake ƙarƙashin mai barci, kusan ba ya aikin kome. Siminti kuwa mayen zafi ne, dare ɗungum yana zuƙar ɗumin jiki, ba ya ƙoshi. Tabarmar roba ba ta hana shi. Kwali yana hana shi, domin akwai ƙananan ramuka na iska a tsakiyarsa waɗanda nauyin yaro ba ya rufe su duka.

Saboda haka, kafin a yi gardamar bargo da buhu, sai a fara tambaya, me yaron zai kwanta a kai? 'Yar katifar soso, ko da siririya ce, ita ce ta fari in akwai. In babu, kwali biyu ko uku. In a fili ne ko cikin tanti, busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a cusa cikin buhu a ɗinke baki. Wanda ya gaji buzu ko agalemi daga kakansa, kada ya raina shi, gama gashin tunkiya ba ya dannuwa da sauƙi. Iyayen da suka biya kuɗin buhun barci suka manta da shimfiɗa, sun sayi ƙyaure ne alhali ɗakin ba bango.

Abin mamaki shi ne, wannan gardama da muke yi a Samaru, ana yin irinta a ƙasashen da suka ƙirƙiro buhun. Asalinsa ma bargo ne. A shekarar 1876 wani ɗan kasuwa mai suna Pryce Jones, a garin Newtown na ƙasar Wales, ya yi rajistar wani bargon ulu da ake ninkawa a maƙale gefensa, da aljihu a wajen kai inda ake sa matashi. Ya sa masa suna Euklisia (kada kunne ya ruɗe ku, ba ruwansa da ekklesiya). Sojojin Rasha suka yi odar guda 60,000. Daga nan masu hawan duwatsu da masu binciken ƙasashen ƙanƙara suka yi ta gyara shi, aka cusa masa gashin ƙirjin agwagwa da na dinya, aka tsuke ƙafarsa, aka yi masa hula da zif, har ya zama abin da muke gani yau.

Sai kuma a shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Ray Jardine, wanda shi da matarsa suka sha taka wata doguwar hanyar duwatsu ta fiye da kilomita 4,000 daga iyakar Meksiko zuwa iyakar Kanada, ya fara rubutu yana cewa, don me mutum zai yi wata da watanni yana ɗauke da rabin buhun da ba ya ɗumama shi? Ya yar da ƙasan, ya yar da zif da hula, ya bar saman kaɗai da wurin sa ƙafa. Watau ya komo ga bargo, amma bargo mai ciko, mara nauyi. Yau masu tafiyar ƙasa da yawa a Amurka da Turai irinsa suke ɗauka. Wani bai kai kilo ɗaya ba. Suna ɗaure shi da igiya a jikin shimfiɗarsu don kada iska ta kutsa ta gefe, su sa hula a kai. Amma su ma sun yarda cewa idan sanyi ya yi tsanani ƙwarai, har ruwa yana daskarewa, buhun da yake rufe ko'ina ya fi aminci, gama motsi ɗaya cikin barci yakan buɗe gefen bargo, ɗumin da aka tara ya tafi.

Shi bargo mai ciko ba baƙo ba ne a Zazzau. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawa a ƙofar fada ya ga 'yan lifidi, su da dawakinsu, cikin riguna masu kauri da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki layi layi don kada cikon ya taru waje ɗaya. An yi su ne don tare kibiya, ba don ɗari ba, amma ɗinkin ɗaya ne da na bargon Ray Jardine. Rimi kuwa Zariya gidansa ce. Audugarsa ba nauyi, ba ta shan ruwa da wuri, kowane zare nata kuma yana da rami a ciki. Aibinta biyu ne: in ta tsufa takan dagargaje ta zama ƙura, wuta kuma takan kama ta farat ɗaya.

To, mu da muke nan, wanne za mu zaɓa? Dalilin da ya sa waɗancan matafiya suke auna kayansu a sikeli bai shafe mu sosai ba. Su a bayansu suke ɗaukar kome, kwana da kwanaki. Yaronmu kuwa za a ɗora ƙunshinsa a saman bas ko a bayan Keke Napep daga Samaru, a bi ta Kwangila, a sauke shi a ƙofar makaranta. A 'yan shekarun nan ma, saboda halin tsaro, yawancin zango a cikin gari ake yi, a harabar makaranta ko ta majami'a. Bargon gida mai gashin nan yakan kai kilo 3 ko fiye, yana kuma cin wuri, amma tafiyar da zai yi a kan yaro ba ta wuce daga bakin titi zuwa aji ba. Haka nan gargaɗin da Turawa suke yi cewa auduga muguwa ce domin in ta jiƙe ba ta bushewa, gaskiya ne a ƙasarsu, gaskiya ne kuma a zangon watan Agusta. Da hunturu kuwa ina ruwan yake? Gwado da luru da kakanninmu suka saƙa da auduga zalla sun yi musu ɗari shekara da shekaru. Dubi Bafillatani mai kiwo: tabarma, bargo, sanda, shi ke nan, a fili yake kwana.

Ga babba, ko saurayi ko budurwa da suka san kansu, mu a ganinmu bargo mai kauri ɗaya, ko marasa kauri biyu, bisa shimfiɗa mai kyau, ya isa sanyin Zariya sarai. Biyu marasa kauri ma sun fi, domin da farkon dare a rufa da ɗaya, da asuba a jawo na biyu, ga kuma iskar da take tsayawa a tsakaninsu. Bargo yana barin mutum ya juya yadda ya ga dama. Yana da sauƙin wanki. In an komo gida ya koma kan gado ya ci gaba da aikinsa, ba a jefa shi saman kwaba ya jira baɗi ba. 'Yan'uwa biyu kuma suna iya haɗa nasu su kwana tare, ɗumin jikin biyu ya fi na ɗaya.

Amma ga ƙaramin yaro maganar ta sāke, nan ne kuwa za mu ba ɗan maƙwabciyarmu gaskiyarsa, ko da yake ba don wannan dalili yake kuka ba. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 ba ya kwana wuri ɗaya. Yakan yi birgima, ya yi shuri, ya wayi gari kansa yana inda ƙafarsa take. A gida uwa takan farka sau biyu ko uku ta mayar masa da mayafi, shi bai ma sani ba. A zango babu uwa. Shugaba ɗaya ne da yara 30, shi ma ya gaji da fareti. Abin da buhu ya fi bargo da shi ke nan: ba ya zamewa, yana bin yaro duk inda ya mirgina. Wannan fifiko ne na gaske, ba za mu ɓoye shi ba don muna son a rage kashe kuɗi.

Sai dai ana iya samun wannan fifiko ba tare da an je wurin 'yan gwanjo ba. Ku ɗauki bargon gida ku kai wa tela. Ya ninka shi biyu a tsawonsa, ya ɗinke ƙasan, ya hau da ɗinki ta gefen da yake buɗe har daidai gwiwar yaro ko kwankwasonsa, ya bar sauran a buɗe. Ku ce masa ya yi manyan ɗinki, don a iya farkewa da reza bayan zango bargo ya koma yadda yake. Ƙafafun yaro suna cikin aljihu, bargo ba zai gudu ba, sama kuwa a buɗe take in zafi ya dame shi. Wannan shi ne ainihin fasalin bargon matafiyan Amurka da ake saya da kuɗi masu yawa.

In kuwa barguna biyu ne, ga wata dabara ta 'yan sikawut tun zamanin da buhun barci bai yawaita ba. A shimfiɗa na fari a buɗe. A ɗora na biyu ya rufe rabin na fari kawai, ɗaya rabinsa ya zarce gefe. A ɗauko rabin na fari da ya rage a fili, a ninko shi bisa. Sa'an nan a ɗauko rabin na biyu da ya zarce, shi ma a ninko shi a kai. A naɗe wajen ƙafa zuwa ƙarƙashi, a kama da manyan fil masu kulle. Yaro ya shiga tsakiya: biyu a ƙasa, biyu a sama, dama a rufe, hagu a rufe. A gwada a gida sau biyu ko uku kafin ranar tafiya, gama a duhu, da hayaniyar yara, ba a koyon sabon abu. Lokacin da William Alexander Smith, wanda ya kafa Boys' Brigade a Glasgow a 1883, ya kai yaransa zango na fari a 1886 a gaɓar tekun Sikotland, ba a san buhun roba mai zif ba tukuna, ƙasarsu kuwa ta fi tamu sanyi nesa.

Wanda yake da hali kuma ya ƙudura sai ya saya, ba laifi, amma ya shiga kasuwa da idonsa a buɗe. Iri biyu za ku gani a Sabon Gari. Akwai mai tsukakkiyar ƙafa da hula, akwai mai kusurwa huɗu wanda zif ɗinsa yake zagayawa har ƙasa. Na fari ya fi ɗumi, amma an yi shi ne don duwatsu masu ƙanƙara, yara da yawa kuma sukan ji kamar an ɗaure su a ciki. Na biyu in an zuge shi duka sai ya zama bargo, ya yi amfani a gida dukan hunturu. Shi muke ba da shawara. Ku ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa a gaban mai kaya, gama buhun da zif ɗinsa ya mutu bai kai bargo ba. Ku girgiza shi ku ga ko yana kumbura. Ku ɗaga shi wajen rana, inda haske ya ratso, nan ciko ya gudu, nan kuma sanyi zai shiga. Mai gashin tsuntsu ya fi ɗumi da rashin nauyi, amma wankinsa wahala ne, ƙurar hunturu kuwa ba ta jin tausayi. Mai cikon zaren roba ya fi dacewa da gida mai yara.

A jikin waɗansu za ku ga lambobi. Tun 2002 Turai ta kafa ƙa'idar auna buhunan barci, a 2016 kuma aka mai da ita ta duniya. Sukan sa mutum-mutumi mai ɗumi a ciki, sanye da doguwar rigar ciki da wando, kwance bisa shimfiɗa, su auna zafin da yake fita. Lambobi uku sukan fito. Ta fari, wadda ta fi girma, ita ce sanyin da mai saurin jin ɗari zai iya barci cikinsa da daɗi. Ta biyu ta namiji ne babba wanda ya dunƙule. Ta uku, wadda ta fi ƙanƙanta, ba ta barci ba ce, iyakar da mutum zai kai safe da rai ce kawai. Mai kaya zai nuna muku ta ukun da yatsa, ku kuwa ku dubi ta farin. In ta ce 10 ko 5, ya isa Zariya, har Jos ma. Ku lura kuma, kayan da suka fito daga Amurka da wani ma'auni dabam ake rubuta su, mai harafin F: 50 a nasu shi ne 10 a namu, 32 a nasu shi ne sifiri. Wannan awo na sabon buhu ne, na manya kuma. Wanda ya sha wanki, aka matse shi cikin dila ya ƙetare teku, ba zai kai abin da aka rubuta ba. Kada kuma ku ce bari mu sayi na ƙanƙara don mu huta. Yaro zai yi gumi da tsakar dare, ya zuge zif ya fito, asuba ta same shi a jiƙe a waje.

Kowane kayan gwanjo, a wanke shi, a shanya a rana sosai, a bi ɗinkinsa da ido saboda kuɗin cizo. A zango kuma a koya wa yaro ya karkaɗe buhunsa ko bargonsa kowane dare kafin ya shiga, shi da takalmansa da safe, saboda kunama. Akwai kuma wata magana da iyaye ba su cika so a ta da ita ba. Yaron da har yanzu yakan yi fitsarin kwance wani lokaci, buhu azaba ne gare shi. Ba ya ɓoyuwa, ba ya wankuwa da wuri, ba ya bushewa kafin dare. Wannan yaro a ba shi leda a ƙarƙashi, da zane biyu, da bargo, a kuma rada wa shugaba ɗaya mai riƙon asiri tun kafin a tafi. Jariri kuwa, ga iyaye mata masu zuwa taro da goyo, ba a sa shi cikin buhun babba ko kaɗan, yana iya zamewa ciki numfashi ya gagare shi.

Bargo ba shi da hula, saboda haka hular sanyi da safa wajibi ne. Su ne mafi araha cikin kayan duka, su ne kuma aka fi mantawa. Yaro ya kwanta da busassun tufafi, ba rigar da ya yi fareti da ita ba. Ya ci ya ƙoshi, ya zaga bayan gida kafin ya kwanta. Kada ya cusa hancinsa cikin buhu, gama tururin numfashi yakan jiƙa cikon.

Yanzu ga magana mai nauyi, muna roƙon shugabannin zango su karanta ta sau biyu. In sanyi ya matsa, wani zai ce a kawo kaskon gawayi cikin aji a rufe ƙofa da tagogi. Kada ku yarda, ko na minti 10 ne. Gawayi mai ci a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska mai dafi wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mai barci ba ya farkawa ya ce ga abin da ke damunsa. Janareta a bakin taga ma haka yake. In yara da yawa suka tashi tare da ciwon kai, da jiri, da amai, a fitar da su fili nan da nan, a kai su asibiti, kada a ce mura ce. Banda wannan, buhun roba narkewa yake yi in wuta ta taɓa shi, ya manne a fata, yaro kuwa yana ciki zif a rufe. Kyandir, da fitilar kananzir, da maganin sauro na kunnawa, duk su yi nesa da wurin kwana. Wutar jin ɗumi a waje ake hura ta, a kashe ta kafin a kwanta.

Akwai kuma yaran da sanyi ba wahalar dare ɗaya ba ne a gare su. Yaro mai sikila, sanyi da rashin shan ruwa suna cikin abubuwan da suke ta da masa ciwon gaɓoɓi, hunturu kuwa ya haɗa duka biyun. Mai asma, ƙura da iskar asuba suna tsuke masa ƙirji. Ga irin waɗannan ba mu cewa a yi tsimi. In buhu ne zai tabbatar yaron bai kwana a buɗe ba, a saya, ko a ara, a haɗa masa da katifa da bargo a kai, a kwantar da shi nesa da taga, kusa da shugaba. Maganinsa ya tafi tare da shi, lambar wayar iyaye kuma tana aljihun shugaba. In wurin kwanan bai yi ba, ya yini a zango ya kwana a gida. Ba abin kunya ba ne.

Saura batun kunyar da ta kawo maganar tun farko. Mun san ba sanyi ne yake damun ɗan maƙwabciyarmu ba, idon abokai ne. Mu manya mukan yi saurin cewa ai wannan shirme ne, alhali mu ma mun taɓa ƙin zuwa biki saboda riga. Shugabanni suna iya sauƙaƙa wannan. A wani zango mun mai da naɗin barguna biyu gasa tsakanin rukuni rukuni, da usur da agogo, kamar fareti. Kafin dare na biyu masu buhu suna roƙon a ara musu bargo su ma su shiga.

Ita dai maƙwabciyarmu ba ta koma Sabon Gari ba. Ran Litinin ta kai bargon gadonta wurin wani tela a bakin kasuwar Samaru, ya ɗinke ƙasan da gefe har gwiwa, ta sa ya rubuta sunan yaron da jan zare a kusurwa. Ta sayi hular sanyi da safa biyu, ta karɓo kwalayen taliya uku a shagon kusa da gida. Yaron ya ɓata rai yini guda. Da dare ta ce ya gwada a daɓen falo, sai ƙannensa biyu suka riga shi shiga, aka yi ta kokawa har uban ya tsawata. Jiya ya zo da kansa yana tambaya ko muna da sauran kwali, wai abokin nasa mai buhu ya ce shi ma a samo masa.